Ulbosin Mai Kantin Magani da Tudun da Ke Waƙa

Ni da Ulbosin tare muka tashi a garin Aris, a zamanin Tarayyar Sobiyet, bayan tashar jirgin ƙasa, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Ita ce mace ta biyar a ɗakinsu, shi ya sa mahaifinta ya sa mata wannan suna, wato namiji ya biyo baya. Namijin bai biyo ba. Tsohon ya haƙura, daga baya ma shi da bakinsa yake cewa da ya san irin wadda za ta zama da ya nema mata suna mai daɗi.

Muna yara, idan zafi ya kusa ƙarewa akan kwashe mu zuwa jeji tsinkar darmina, tazargaden nan tamu mai ɗaci. Kanun furen ake so tun ba su buɗe ba. Ɗacin kan manne a hannu, ko gurasa ka ɗauka sai ka ji shi a harshe. Duk mun tsani aikin, ban da Ulbosin. Wata rana ta tsare mutumin da ke auna buhunanmu, ta tambaye shi ina ake kai su. Ya ce masana'antar Shimkent, a can ake fitar da wani farin gari da ke kashe tsutsar ciki.

Ta ce, "Kawu, ta yaya koren ganye yake komawa farin gari?"

Ya ce, "Ni awo aka sa ni. In kina son sani ki je ki tambaye su."

Ta kuwa je. Da muka gama makaranta ni na shiga ɗinki, ita ta tafi Shimkent koyon haɗa magani, ta dawo da farar riga da ɗan kwali fari, aka ba ta aiki a kantin magani na kusa da tasha. A lokacin ba komai ne ke zuwa a kwali ba. Akwai ɗaki a baya mai ƙaramin sikeli da ɗan turmi da kwalabe masu ruwan ƙasa, a nan take yini tana awo da niƙa da naɗe gari a takarda.

A wannan kanti ta haɗu da Orazali. Lokacin yana mataimakin direban jirgin ƙasa, dogo siriri, sa'anmu ne. Ya shigo da safe, ya jira kowa ya fita, sannan ya matso ya rage murya.

"'Yar'uwa, wannan rigar taki wane launi ce?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Magani ka zo saya ko riga?"

"Don Allah ki faɗa mini."

"Fara ce."

Sai ya dafe kai. Ya ce tun jiya duk abin da ya kalla rawaya yake gani, bango rawaya, sama rawaya, har madarar da ke cikin shayi. Mai aikin jirgi kuwa da launin fitila yake cin abinci. In likitan reluwe ya ji, aikinsa ya ƙare.

Ta tambaye shi abin da ya sha. Ya ce ba komai. Da ta matsa, ya ce mahaifiyarsa ta ga ya rame, ta ce tsutsa ce, ta dafa masa darmina cike da kwano, da ya ga bai ji komai ba ya ƙara na biyu.

Ulbosin ta ce da ƙyar ta riƙe dariya. Ta ce masa, "Idonka lafiya lau. Abin da ke cikin darmina ne, in ya yi yawa haka yake yi. Zai wuce. Amma yau ba za ka hau jirgi ba, kuma gun likitan da kake gudu za ka je yanzu, don ba a ido kaɗai yake tsayawa ba."

"In na ƙi fa?"

"Ni zan je in gaya masa."

Ya je. Aka ba shi hutu, ido ya washe, aiki bai tafi ba. Daga nan ya zama kullum yana da abin saya a kantin, yau auduga, gobe maganin tari alhali ba ya tari. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka aka ɗaura aure, suka kama gida a layinmu.

Orazali mutum ne mai son labarin wuraren ban mamaki. Duk tsawon aikinsa tsakanin Tashkent da Kizilorda yake kai da kawo, bai taɓa wuce nan ba, amma ka tambaye shi ƙarshen duniya zai ba ka labari kamar jiya ya dawo. Mujallar tafiye-tafiye ba ta wuce shi. Yakan yanke hotuna ya manna a bangon rumfar da suke shan shayi: ramin da ke ci da wuta ba dare ba rana a hamadar Turkumawa, tabkin da ruwansa ja-ja ne a Senegal, garuruwan da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Turkiyya, masallacin laka na Mali da ake taruwa a yaɓe duk shekara. Ita kuma Ulbosin ba ta iya ganin ƙwaya ba ta faɗi asalinta ba. Aspirin daga ɓawon bishiyar bakin kogi aka faro shi, in ya tsufa warin ruwan khal yake yi. Fenisilin daga funfuna. Maganin zazzaɓin sauro daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka.

Cin abincinsu ya zama kamar kasuwa. Ya kawo nasa, ta kawo nata, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja numfashi. Ɗansu Ermek ya ce da yana ƙarami ya zaci kowane gida haka ake cin abinci.

Matsalar Orazali ita ce abin da ya ji a gida ba ya kwana a cikinsa. Akwai wani dattijo a layinmu, Mirzakan, mai ciwon zuciya, wanda ke yawo da ƙananan ƙwayoyin nan da ake sa wa ƙarƙashin harshe. A wajen wani biki, ana cikin cin nama, Orazali ya kira shi Ata, wato kaka, ya ce masa, "Ata, ka san abin da ke aljihunka da shi ake haɗa nakiyar fasa dutse?"

Tsohon ya tashi ya bar wajen bikin. Ya koma gida ya ɗora kwalbar maganin a kan cokali, ya kai bayan gari ya binne. Sai da matarsa ta zo kanti tana tambaya ko akwai wani maganin da ba ya fashewa, sannan Ulbosin ta ji. Ta rufe kanti da rana tsaka, ta ɗauki sabuwar kwalba, ta biya ta gida ta tasa mijinta a gaba.

A gaban Mirzakan ta zuba ƙwaya ɗaya a kan dakali ta murƙushe ta da dutse. Ta ce, "Ka ga ta tashi, Ata? Gaskiya ya faɗa, abu ɗaya ne, amma ɗan abin da ke ciki ko ƙuda ba zai firgita ba. Jijiyar jini yake buɗe maka."

Mirzakan ya ce, "To shi wannan me ya sa bai faɗi haka ba?"

"Rabin zancen ya ji, ya tashi ya tafi kallon hotunansa."

Orazali ya ba da haƙuri, ya yi wa tsohon faskaren itace na hunturu gaba ɗaya. Tun daga ranar ta kafa masa doka: labarin duwatsu da tabkuna nasa ne, ya kai inda ya so, amma labarin magani a bakin ƙofa yake tsayawa.

Da Tarayyar Sobiyet ta watse mun sha wuya. Kantin ya koma kanta babu kaya, sai ƙura. Mutane su zo da takardar likita su koma da ita. Ulbosin ta koma ɗakin baya, abin da za a iya haɗawa da hannu ta haɗa, man shafawa da ruwan kurkure baki da garin zazzaɓin yara. Abin da babu kuwa sai ta rubuta wa abokan aikin mijinta, su nemo a Tashkent ko Almati su saƙo a jirgi. Daga baya aka sayar da kantunan gwamnati, ta karɓi nata. A kasuwa masu tebur sun cika da ƙwayoyi a rana, wasu ba suna ba kwanan wata. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Duk wanda ya kawo mata irin wannan ya tambaya, sai ta shinshina, ta duba, ta gaya masa wanda zai sha da wanda zai zubar, ko da ba a wurinta ya saya ba.

Bayan Orazali ya yi ritaya, gidan talabijin na Shimkent ya shirya gasar kacici-kacici ta ma'aurata. Ermek ne ya kai sunansu ba su sani ba. Ulbosin ta ce ba za ta je ta yi abin kunya a gaban jama'a ba, amma ni na ɗinka mata sabuwar riga, ta ga rigar ta yi kyau, ta yarda. Muka cika mota muka bi su.

Sun yi ƙoƙari. Tambayar ƙasashe ya amsa, ta kimiyya ta amsa, ta waƙoƙin zamani suka kalli juna. Suka kai zagayen ƙarshe. Sai mai gabatarwa ya ce, "Akwai wani tsibiri mai manyan kawunan dutse a tsaye. A cikin ƙasarsa aka samo wani magani da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, aka sa masa sunan tsibirin. Wane magani ne?"

Daga inda nake zaune ina ganin bakinsu. Orazali ya raɗa mata, "Mutanen wurin Rapa Nui suke ce masa." Idonta ya buɗe, ta ce, "Rapamisin." Amsa ta samu. Maimakon ɗaya ya danna ƙararrawa, sai ya ce ta faɗa, ai magani nata ne, doka ta hana shi. Ita kuma ta ce ya faɗa, ai tsibirinsa ne, hotonsa ma na bango. Suna wannan turereniya wasu ma'aurata daga Turkistan suka danna, suka faɗa daidai. Namu suka zo na uku, aka ba su butar shayi ta lantarki.

A mota na ce, "Shekara nawa kuna rige-rigen magana, ranar da ake so ku yi magana kuka koma kunyar juna."

Orazali ya ce, "Kulash, ke da aka tambayi babban birnin Peru kika ce mini Paris daga cikin jama'a, ki yi shiru."

Ulbosin ta rungume butarta tana dariya har hawaye.

A wannan shekarar ce ta ce masa, "Tsoho, ka cika mana bango da wuraren mutane, ko ɗaya ba ka taɓa takawa ba. Zaɓi wanda jirgi ke kaiwa kusa." Ya zaɓi tudun rairayin nan na Altin-Emel da ake cewa yana waƙa. Suka ce in kula musu da kaji. Na ce kajin su kula da kansu, ni ma zuwa zan yi.

Muka hau jirgi zuwa Almati da gurasa da dafaffen nama da cukwi, daga can Ermek, da ya riga mu isa, ya ɗauke mu a mota. Da muka isa, ga tudu nan zuƙeƙe a tsakiyar fili, ga kogin Ili can nesa, amma an yi ruwa kafin zuwanmu. Rairayi ya jiƙe. Mai gadin wurin ya ce jiƙaƙƙen rairayi ba ya waƙa. Orazali ya hau, ya sauko, ya buga ƙafa, shiru. Ya zauna a gindin tudun ya cire hula. Ban taɓa ganinsa ba magana a baki ba sai ranar.

Ulbosin ta ɗebi rairayin ta murza a tafin hannu, ta ce, "Sama-sama ne. Gari ma in ya sha danshi ba ya zuba daga takarda, sai an shanya. Mu ba shi rana." Muka nemi masauki a ƙauyen kusa muka kwana biyu, muna shan nonon raƙumi, matar gidan na kawo wa Ulbosin duk ƙwayoyin da ke akwatinta tana tambaya.

Da muka koma rana ta take, rairayi ya bushe har yana ƙona ƙafa. Muka hau da rarrafe, muna hutawa, Ermek na jan uwarsa. A can sama mai gadin ya ce sai an zauna an sulalo. Ulbosin ta ce ita mai jikoki ba za ta yi wannan ba. Ba ta rufe baki ba ƙafarta ta zame, ta zauna daɓas, ta fara tafiya. Sai muka ji shi. Wani gurnani ne daga ƙarƙashinmu, kamar jirgin sama na wucewa a cikin ƙasa, har cikin ƙashin mutum. Orazali ya zauna ya bi ta, ni ma na bi. Muka isa ƙasa da rairayi a kunne da baki.

Ya daɗe yana zaune yana haki. Can ya ce, "A mujalla sun ce kamar sarewa."

Ta ce, "To yanzu ka ji da kunnenka. Tashi mu sake."

Sau nawa muka sake ban riƙe ba, na dai san kwana uku ban iya durƙusawa ba.

Yanzu matar Ermek ce ke riƙe da kantin, ita ma abin da ta karanta ke nan. Ulbosin takan je da hantsi ta zauna a kujera kusa da taga, wai ba ta sa baki, amma tsofaffin gari in sun karɓi magani sai sun juyo sun nuna mata kafin su fita. Hawan jini ya kama ta, kuma ita da ta shekara tana yi wa mutane faɗan shan magani a kan lokaci, nata mantawa take yi. Orazali ne ke biyo ta da shi a ɗan kofi.

Jiya na leƙa na same su a kan haka. Ya miƙa mata, ya ce, "Sha, tsohuwa."

Ta juya ƙwayar a hannu ta ce, "Ka san wannan daga dafin wani maciji na Brazil aka faro irinsa?"

Ya ce, "Ki sha tukuna. Brazil ɗin ina da magana a kanta."

Na jawo kujera na zauna, don na san ba yanzu za a gama ba.