Furar da Muke Kai wa Shinge

Shekarar da aka kafa shingen 'yan sanda a bakin ƙauyenmu, kan hanyar Zurmi, gidanmu ne na ƙarshe kafin titi. Daga tsakar gida nake jin tarinsu. Akwai wani dattijo a cikinsu, kofur, mutumin kudu, Hausarsa ta kasuwa ce. Yini yake a tsaye cikin rana, ba rumfa.

Na ce wa maigidan bai dace mu sha fura mutum yana ƙofarmu da ƙishi ba. Ya ce in dama, amma shi zai kai, bayan azahar in hanya ta yi tsit, ya ajiye gindin dogon yaro ya wuce kamar mai zuwa gona. A lokacin, duk wanda aka gani yana hulɗa da jami'ai, maganar kan kai daji, 'yan bindiga su ce shi ke kai rahotonsu. Da yamma sai ya ɗauko kwanon a inda ya bar shi. Haka muka yi har gero ya fid da kai.

Sai wani ya gaya wa kofur cewa a wajenmu ba a mayar da kwano wayam. Ranar kasuwa, da hantsi, hanya cike da mutane, ya zo har ƙofar gida cikin kakinsa, kwanon cike da lemo da sukari. Ya yi sallama da ƙarfi, maigidan ya fita.

"Baba, ka gai da Mama. Furarta ce ta riƙe ni daminar nan."

Maigidan ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. To, me zai ce? Ya shigo ya zauna kan turmi.

Ba a jima ba saƙo ya iso daga daji: kada a sake ganin maigidan a gona. Gero ya nuna, ba mai yanka. Muka ɗaure kaya zuwa Ƙaura, wurin ƙanensa.

A shinge kofur ya leƙo cikin motar yana murmushi.

"Baba, ina zuwa da katifa haka?"

Maigidan ya ce biki za mu. Kofur ya yi mana fatan dawowa lafiya, ya janye itacen shingen da hannunsa. Na sunkuyar da kai har muka wuce gonar.

Ba mu koma ba. Ban sani ba ko wani ya taɓa gaya wa kofur dalili. Ni dai ina fata ba a gaya masa ba.