Warin Da Na Ɗora Wa Mesar Ƙanena

Akwai abin da mutum yake roƙon Allah Ya mantar da shi, amma sai a bar masa shi don ya riƙa jin kunya lokaci-lokaci. Nawa shi ne warin da ya tashi a gidana a Jekadafari wata shekara da zafi, da abin da na aikata a kansa. Ba zan taɓa mantawa ba, kuma zan faɗa muku tun yanzu, babu inda na fito da kyau a cikin labarin nan.

Sana'ata turaren wuta da humra. A gida nake haɗawa, a gida nake sayarwa, mata suna zuwa har falona su zaɓa. A lokacin nan gani nake duk Gombe babu mai hanci irin nawa. Mace ta gifta ni a gidan biki, sai in faɗi inda ta sayi humrarta da irin algus ɗin da aka yi mata. Kullum maganata ita ce hancina ba ya ƙarya. Babu mai yi mini musu, ni kuma na ɗauka yarda suka yi, ashe gajiya suka yi da ni.

Ni da ƙanena kaɗai mahaifiyarmu ta haifa, Dada muke ce mata. Na girme shi sosai, kusan ni na goya shi. Da ciwonta ya yi tsanani ba ta bar mini wasiyyar gona ko zinari ba, cewa kawai ta yi, "Ga ƙanenki nan, kada ya rasa gida." Don haka da ya gama karatun ilimin dabbobi ya samu koyarwa a wata sakandare, sai na ba shi ɗakin zaure.

Ƙannen mutane suna dawowa gida da budurwa ko da babur. Nawa da kwali ya shigo wata ranar Asabar, yana riƙe da shi kamar mai ɗauke da jariri. Wai wasu manoma ne za su kashe ta a wajen Kagarawal ya karɓe. 'Yar ƙaramar mesa ce, ta nannaɗe kamar gammo.

"Adda, ba ta da dafi," in ji shi. "Ko cizo ba ta yi. In ta tsorata dunƙulewa take."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Saura ka nema mata makaranta."

Ya yi ta roƙo har na bari, bisa sharaɗin kada idona ya gan ta, kada kuma kunnen mai sayen turare ya ji labarinta. Ya haɗa mata akwatin gilashi, ya zuba dusar katako da ɗan kwanon ruwa. Maigidana, wanda ba ya shiga abin da bai shafi abincinsa ba, ya ce ai shi ke nan. Wata biyar tana ɗakin nan. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: a wata biyar ɗin nan babu wanda ya ji komai, har da babban hancin garin Gombe.

Abin da ya dame ni a lokacin ɓeraye ne. Sun gano sito na, suna fasa buhun sukarin da nake haɗa turare da shi, suna gaigayar kajiji. Ƙanena ya ɗana tarko, yana kama ɗaya yau ɗaya jibi yana ba wa baƙuwarsa. Ni kuma na ga wannan tafiyar sai mu tsufa ba su ƙare ba. Da na ambaci magani sai ya ce, "Don Allah Adda kada ki sa. In wanda ya ci ya faɗa tarkona, zai kashe ta. Sauran kuma inda hannu ba ya kai za su je su mutu."

Na ce to. Washegari na shiga Kasuwar Gombe sayen farcen haɗa turare, na haɗo da shinkafar ɓera. Na cakuɗa da kan busasshen kifi a murfin wata robar turare, na taka turmi, na tura ta wata kafa cikin silin ɗin sito. Ban gaya wa kowa ba. Gidana ne, kuma yaron da na wanke wa kashi ba zai koya mini zaman duniya ba. Bayan kwana biyu ya ce ɓerayen kamar sun yi ƙaura, tarko ba ya kama komai. Na ce Allah Ya raka taki gona, na ci gaba da harkata.

Sai zafi ya kankama, irin wanda yake zuwa dab da faɗuwar ruwa. Warin ya fara da kaɗan-kaɗan, da rana in kwanon rufi ya ɗau wuta. Na wanke masai, na sa aka kwashe kwata, na leƙa ƙarƙashin kujeru. Kullum ƙaruwa yake. Ana cikin haka wata Hajiya, matar wani babban ma'aikaci, ta zo zaɓen turaren bikin 'yarta. Na shimfiɗa mata kwalabe ina zuba bayani. Ta ɗan jima, sai ta ja mayafi ta rufe hanci.

"Ko masai ne ya cika?" ta tambaya a hankali.

Ta ce za ta aiko. Har yau ina jiran ɗan aiken. Ku da ba ku sayar da ƙamshi ba za ku gane zafin abin ba. A ce gidan mai turare yana ɗoyi, ai sana'a ta mutu ke nan, kuma matan garin nan ba sa buƙatar rediyo.

Tana fita na wuce ɗakin zaure. Na sami ƙanena yana duba takardun jarrabawa. Na tsaya daga bakin ƙofa, don ban taɓa shiga ba tun da aka kawo mesar, na ce ya fitar mini da wannan ƙazantar.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce maciji ba ya gumi, ba shi da gashin da zai riƙe wari. Kashinta yana da wari, wannan bai musa ba, amma sai ta yi kwanaki ba ta yi ba, kuma tana yi yake kwashewa ya canza dusa. Ya ce, "Ki shigo ki shinshina ta da kanki. Warin nan daga sama yake sauka, Adda."

Na ce, "Daga sama? To sai mu kai ƙarar gajimare. Ni zan sa hancina a jikin maciji? Hancin da nake cin abinci da shi?"

Maƙwabciyata nas ce 'yar Kaltungo, Sista muke ce mata, shekaru muna zaman lafiya, in Kirsimeti ta zo ta aiko da shinkafa, in Sallah ta zo in aika da nama. Da ta ji hayaniya ta shigo, ta tsaya tsakar gida ta ja numfashi. Ta ce, "Maƙwabciya, mu cikin macizai muka tashi, ban taɓa jin wanda yake wari haka ba. Wannan mushe ne. Ki sa a duba silin."

Nan ne wurin da ya fi ba ni kunya. Tana cewa silin abin ya dawo mini. Na tuna turmin da na taka, na tuna kan kifin. Amma na riga na ɗaga murya rabin unguwa ta ji cewa mesa ce, hancina kuma ba ya ƙarya. Sai na ture tunanin gefe, na ce mata asibiti daban, sanin ƙamshi daban.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanena ya shigo cin abinci kamar yadda ya saba. Akwai mata biyu masu sayen humra a falo, ɗaya tana ta fifita da gefen mayafi. Ina ganin haka raina ya ɓaci, na rasa inda zan sauke. Ya miƙa hannu zai ɗauki kwanonsa, na ce, "Ɗauka ka koma can ka ci. Kai kanka warin ya kama ka, kana shigowa na ji." A gaban baƙi na faɗa. Ya dube ni, sannan ya ɗaga hannun rigarsa ya kai hanci ya shinshina. Farar shadda ce, wankakkiya, da turaren da ni na ba shi. Na ƙara da cewa ya zaɓa, ko mesar ko gidan nan.

Washegari da hantsi Keke Napep ya tsaya a ƙofa. Katifa, littattafai, da akwatin gilashin da ya lulluɓe da tsohon zanen Dada. Wani abokin aikinsa ya sama masa ɗaki a Kagarawal. Ya durƙusa ya ce, "Adda, na gode da riƙo." Ni kuwa ina tsaye da tsintsiya, ina jin kaina jaruma.

Na wanke ɗakin sau biyu. Na cika kasko uku da garwashi, na zuba turaren da nake ɓoye wa manyan baƙi. In ba ku taɓa jin sandal ya haɗu da mushe ba, ku gode wa Allah. Kwana uku ina wannan aiki, warin yana ƙara lafiya. A rana ta huɗu muna karyawa da maigidana, sai wani abu fari ya faɗo daga silin cikin faranti, yana motsi. Ya kalle shi, ya kalle ni. Mutumin da ya yi wata biyar bai ce uffan ba sai yau ya samu baki.

"Mesar ta bar mana 'ya'ya ke nan?"

Aka kira kafinta. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ɓalle silin, ya shiga da buhu. Ban ƙirga mushen ɓerayen da ya fito da su ba, na dai ga buhun ya yi nauyi. Sista tana tsaye, maƙwabta biyu sun leƙo. Da na ce an gama, sai ya sake miƙo hannu daga sama.

"Hajiya, wannan murfin naki ne?"

Murfin robar ne, da sauran ƙayar kifi a ciki. A bayansa ga takardar da nake mannawa a kayana, da sunan sana'ata da lambar wayata ɓaro-ɓaro. Ko ɓarawon kirki ba ya barin lambar waya. Sista ta gyara ɗankwalinta kawai ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai da na yi kwana biyu kafin na iya ɗaukar ƙafa zuwa wurin ƙanena a Kagarawal. Na dafa dambun da yake so na riƙa. Ɗakin ƙarami ne, tsaf-tsaf, babu warin komai. Ya shimfiɗa mini darduma, ya kawo ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa duka, har turmin.

Ya ce, "Na sani, Adda. Tun ranar da tarko ya daina kamawa."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na ce miki daga sama yake, na ɗauka za ki sa a duba a rufe maganar. In na ce ke ce a gaban mutane, wa zai ƙara sayen turarenki?"

Ni ina tozarta shi a gaban baƙi don in tsare sana'ata, shi yana haɗiye magana don ya tsare mini ita. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Da na share ido na ce ya ɗauko mesar. Ya ɗago ta a tafin hannunsa, ta dunƙule. Na kai hancina, hancin nan mai daraja, har ya kusa taɓa fatarta. Babu komai. Ɗan ƙamshin dusar katako kawai, kamar an wuce ta gaban shagon kafinta.

Na ce ya tattara kayansa mu koma gida. Ya yi murmushi ya ce, "Nan ma lafiya lau nake, Adda." Na roƙa, na tuna masa maganar Dada, ya ce ai bai rasa gida ba, ga shi a ciki. Bai dawo ba.

Yanzu ya yi aure, yana da 'ya'ya, mesar ma ya daɗe da mayar da ita daji. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Duk Juma'a yana zuwa cin abinci, muna hira muna dariya. Amma in ya iso bakin falona, kafin ya yi sallama, sai ya ɗan ɗaga hannun rigarsa ya kai hanci. Na tabbata bai san yana yi ba. Ni ce nake gani, kowane mako.

Abin da na koya bai da yawa. Hanci yana gaya maka akwai wari, amma ba ya gaya maka na wane ne. Wannan zuciya ce take zaɓa, kuma ta fi son ta zaɓi wanda ba zai rama ba. Tun daga lokacin, in wani abu ya ɓaci a gidana, kafin in nuna kowa da yatsa sai na tambayi kaina me na tura cikin silin ban gaya wa kowa ba.