Ranar da Kaka Ta Kai wa Teku Kifinsa

A gidanmu na Sevran, a ƙasar Faransa, can saman bene, ba murhu. Ƙarfen ɗumama ɗaki Kaka ke jingina da shi bayan tuwon dare, mu kewaye ta ni da ƙanena Sani. Daga Maradi Baba ya ɗauko ta, ta zo da tatsuniyoyinta da ciwon gwiwa.

Wadda ta fi damuna ita ce ta ƴar tarwaɗa. Damina ta ƙare, gulbi ya fara janyewa, uwarta ta ce ta biyo ruwa, ita kuwa ta tsaya kallon tururuwa. Kafin ta waiga, sai ga ta a kududdufi ita kaɗai. Rana ta shanye ruwan, shamuwa ta ƙarasa aikin. Kullum sai na yi kuka, kuma kullum sai na ce a sake.

Wata bazara Baba ya kai mu bakin teku a Normandi. Muka tarar ruwa ya ja baya can nesa, ya bar ramuka tsakanin duwatsu. Muka duƙa muna leƙe: ƴan kaguwa, kifaye kamar zare, da wani jan abu mai tsukewa in ka taɓa shi. Sani ya ce nama ne, na ce fure ne.

Kaka ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Wayyo, an baro su! Ku juye dambun nan da muka yo guzuri, ku ba ni langar."

Muka yi ta kamawa muna kai wa teku, Kaka a gaba, ta tattare zane, ta manta da gwiwa. Muna tsakiyar aiki ruwa ya taso, ya cika ramukan, ya tafi da takalminta ɗaya.

Ta dubi Baba. "Kullum haka shike komowa?"

"Kullum, Inna. Ba ya jiran damina."

Ta daɗe tana kallon ruwan.

Daga ranar tatsuniya ta sauya: gulbi ya komo ya ɗauki ƴar tarwaɗa. Na ce ai ba haka take ba. Ta ce, "Ke, rufe mini baki. Wagga ta Faransa ce."

A Sevran Kaka ta rasu, ba ta sake ganin Maradi ba. Yanzu in na kai ƴaƴana duwatsun nan, ta Faransa nake ba su. Sai da na girma na gane ba don ta hana ni kuka ta sauya ƙarshen ba. Ita ma jira take a komo a ɗauke ta.