Maganin da Ba Shi da Kwali

Dakta ake ce masa a layin, alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa takawa ba. Ɗan kemis gare shi, kanta biyu da wata fanka da ta fi iya ƙara a kan ba da iska. Ya iya allura, ya iya ɗaure ciwo, ya kuma iya sauraron mutane, wanda shi ne rabin sana'ar. A bencin ƙofar shagonsa ake yanke wa duniya hukunci. Wai kamfanonin magani su ke ƙirƙiro cuta don su sayar da maganinta, wai 'yan leƙen asiri na jin duk abin da aka faɗa a waya, wai gwamnati ba ta ƙirga mutane sai in za ta rage su. Dakta ba ya musu. Ya sha buɗe kwali mai kyan hatimi ya tarar da garin alli a ciki, don haka bakinsa da nauyi wajen kare kowa.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, har yau kuma gida ɗaya suke, bango ne kawai tsakanin ɗakunansu. Ita ba a benci ta koyi tata ƙiyayyar ba. Shekarun baya, lokacin wata annoba, wasu baƙi sun zo da fararen motoci suna ba da magani kyauta, ta kai ɗanta da ƙafarta. Yaron ya tashi, amma kunnensa bai ƙara jin komai ba. Aka ce za a yi bincike, aka kafa kwamiti, maganar ta bi ruwa.

Da tari ya kama ta, Dakta ya gane irinsa tun kafin ta fara tofar da jini. Ya lallaɓa ta ta ba shi majina a 'yar roba, ya kai asibitin gwamnati a ɓoye. Tarin fuka ne. Maganinsa na watanni ne, kyauta, kuma can kaɗai ake samun na gaske.

"Kyauta?" in ji Yaya, da ya ɗan taɓo zancen. "Yaushe kura ta fara rabon nama? Bar ni da tarina."

Sai ya yi dabara. Ya roƙi wata nas da ya sani ta yarda shi ya riƙa karɓar maganin, ya ba da sunan Yaya da kwatancen gida. A bayan kantar shagonsa yake ɓallo ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a tsohuwar kwalbar man shafawa, ya ƙona kwalin. Ya ce mata wani ɗan kasuwa ne ke shigo masa da su, ga ɗan karen tsada. Tsadar ce ta kwantar mata da hankali. Ta sha, tarin ya lafa, kumatu suka fara dawowa, har ta koma yi masa faɗa a kan takalman da yake bari a bakin ƙofa. Bai taɓa jin daɗin faɗa irin na kwanakin nan ba.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata safiya yana shago, asibitin suka turo ma'aikaciyar da ke bin marasa lafiya gida gida, sanye da riga mai tambarin gwamnati. Baiwar Allah mai ladabi, ta durƙusa ta gaida Yaya, ta kira cikakken sunanta.

"Mama, mun zo mu ga ko kina shan maganinmu a kan lokaci."

Yaya ta ba ta ruwa, ta raka ta har ƙofa. Da Dakta ya dawo da rana, ya tarar da kwalbar a bakin ɗakinsa.

"Har sunana ka ba su," in ji ta. "Har ƙofar ɗakina."

"Yaya, ba kin ga sauƙi ba?"

"Shi ma ya ga sauƙi." Ta nuna ɗanta, ƙato da gemu, yana wanke babur a tsakar gida, ya ba su baya, bai san ana yi ba.

Daga ranar ba ta ƙara sa ƙwaya a baki ba. Dakta ya san yanke maganin a tsakiya ya fi rashin farawa muni. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo dattawa, duk a banza. A layi aka ce ya sayar da yayarsa, bencin ya koma wurin kwanan awaki. Wannan bai dame shi ba kamar tarin da ya dawo, wanda yake ji ta cikin bango, kullum yana ƙara zurfi. Tsoro ya hana shi cin abinci.

Wata safiya ya shiga ya durƙusa gaban katifarta da ƙwayoyin a tafin hannu. Ta rame, sai idanu.

"Auta," ta ce, "rantse da Allah ka san abin da ke ciki, ka san ba su sa komai ba. In ka rantse, yanzu zan sha."

Ya san maganin na aiki, da idonsa ya gani. Amma abin da ke ciki? Shi da bai taɓa ganin inda ake yin su ba? Ya yi mata ƙarya wata da watanni ko gezau, sai ga shi rantsuwa ta tsaya masa a wuya. Shirun bai wuce haɗiyar yawu ba.

"Wallahi, Yaya..."

"Bari," ta ce a hankali. "Na riga na ji."

Ta juya fuskarta bango. Ba ta sake tambayarsa ba har ranar da aka fito da ita daga ɗakin a makara.