Malamar Malamai Ta Durƙusa

Kafinta ya zo kafa kantar littattafai a ajin gwaji na kwalejin horon malamai, sai ya tarar da wata tsohuwa durƙushe a tsakiyar ɗaki. Gajeriya ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, tabaraunta ɗaure da zare, aljihunta cike da murafen kwalba na koyar da ƙirga. 'Yan mata masu koyon aikin koyarwa sun kewaye ta, su ma a durƙushe, suna ta ƙyalƙyala dariya.

"Ku duba daga nan," take ce musu. "Abin da ɗan shekara uku yake gani ke nan, ƙafafun tebur da haɓar malama."

Kafinta ya tsaya da guduma a hannu. A ƙiyasinsa ta ba saba'in baya. Wataƙila ta fara aiki tun zamanin da ake koya wa malami riƙon bulala kafin riƙon alli, har ranar da ta gaji da ganin idanun yara cike da tsoro.

Ta hango alamar da ya yi a bango, ta rarrafo.

"Ɗana, wa zai ɗauki littafi a can sama? Raƙumin dawa?"

"Don kada yara su taɓa ne, Mama."

"Ai don su taɓa muka kira ka. Durƙusa ka auna."

Ya durƙusa, gwiwarsa ta ce ƙas, aji ya kwashe da dariya har da shi. Ya sauko da alamar ƙasa sosai, yana tunanin 'yarsa, wadda komai na gida sai an miƙo mata.