Fedar da Aka Haɗa a Juye

Sai-Gobe ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun yana saurayi da ya buɗe shagon gyaran rediyo a ƙarƙashin wani bene, duk wanda ya kawo aiki amsa ɗaya yake samu: "Sai gobe." Amma fa goben takan zo, kuma rediyon da ya fito daga hannunsa sai ka rantse yanzu aka zaro shi daga kwali. Da ƙarfen narka dalma ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'yansa. Yatsunsa duk tabon ƙuna ne, kuma yana alfahari da su.

Sai zamani ya juya. Kowa ya koma jin labarai a waya, abin da ya lalace kuma a jefar a sayi sabo. Aikin ya dawo gyaran tocila da fanka. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana cinsa, yana ganin babu sauran mai buƙatar hannunsa, har a cikin gidansa.

Wata safiya autarsa ta faɗo shagon da jita a baya. Ta daɗe tana kaɗawa da wata ƙungiya, ranar Asabar kuma za su yi wasa a babban zaure, karon farko da za a bar mata fili ita kaɗai. Ta zube masa takarda da ƙullin ƙananan kayan lantarki da wani ɗan allo mai hudoji.

"Baba, feda za ka haɗa mini."

Ta yi masa bayani. Ƙaramin akwati ne da ake sawa tsakanin jita da lasifika, in aka taka shi sai muryar jitar ta yi kauri, ta dinga gurnani.

"Ikon Allah! Na ƙarar da ƙuruciyata ina korar ƙara daga rediyo, ke kuma yau ƙarar kike so in ƙera miki?"

"Ita fa, Baba. Amma a yi a hankali, allon nan ɗaya ne. Daga nesa na yi odarsa, wani ba zai iso kafin Asabar ba."

Ya juya allon a hannu. Fuska ɗaya fili ce sai hudoji, nan ake cusa ƙafafun kaya. Ɗaya fuskar kuma layukan tagulla ne a jere, su ke kai wuta. A takardar an zana inda kowane abu zai zauna, an kuma sa jajayen alamomi inda za a yanke tagullar don kada wuta ta wuce inda ba a aike ta ba. Auta ta buɗe baki za ta ƙara bayani, ya ɗaga mata hannu.

"Kowa ya riga ki barci zai riga ki tashi. Je ki, sai gobe."

Tana fita ya gyara zaman tabarau, ransa fari ƙal. Ya kifa allon, ya ɗauki bakin diril, ƙarfen huda, ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya daga hagu, yana murzawa yana 'yar waƙa. Yankan ya yi kyau, babu ko ɓurɓushi. Sai da ya juyo da allon zai fara jera kaya sannan ya ga ɓarnar da ya yi. Zanen ta sama aka yi shi, ta fuskar kaya, shi kuwa ta ƙasa ya bi shi. Duk yankan da ya kamata ya zauna a hagu ya koma dama. Zai iya cike gurabun da dalma, amma aikin faci ba zai yi ƙarko a ƙarƙashin ƙafar mai tsalle ba. Kunya ta rufe shi, ya zauna ya yi tagumi.

Haka matarsa ta same shi da ta kawo masa abincin rana. Tela ce, shagonta na ƙarshen layin, kuma ba ta iya ganin abin tsokana ta wuce.

"Baban Auta, wa ya mutu? Ko fanka ce ta gagare ka?"

Ya faɗa mata komai, ko ɓoye girman kansa bai yi ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗauki takardar ta manna a gilashin taga, rubutun yana kallon titi. Hasken rana ya ratso ta, zanen ya fito ta baya, a juye.

"Ni in na yanka gaban riga a baibai, ba kuka nake yi ba. Sauran yadin nake juyawa ya bi shi. Duba ka gani."

Ya matso da allon kusa da tagar. Layukan suna nan yadda suke, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, hagu da dama ne kawai suka yi musaya. Kowace jar alama ta hau kan yankansa daidai. In ya jera kayan duka a juye, wuta ba ruwanta, hanyarta za ta bi.

"Wallahi da na san haka kike, da tuni na ɗauke ki aiki."

"Ba za ka iya biyana ba. Kama aiki."

Ranar nan, ɗinki bai ga tela ba. Tana tsaye a taga tana ƙirga hudoji da tsinin allura tana faɗa masa, shi kuma yana cusawa yana ɗiga dalma. Suna yi suna musu, abinci ya huce a kwano ba wanda ya tuna da shi. Da Auta ta zo gwaji washegari, uwar ce ta fesa mata labarin tun daga ƙofa, har da ƙarin gishiri.

Ranar Asabar zauren ya cika maƙil. Sai-Gobe ya sa rigarsa ta fita kunya, ya zauna kusa da matarsa. Kowa na kallon yatsun Auta, shi kuwa ƙafarta kawai yake kallo, bakinsa na motsi da addu'a. Ana tsakiyar waƙa sauran makaɗan suka ja baya, ta matso gaba ta taka akwatin. Jitar ta yi wani irin gurnani da ya ji har cikin ƙirjinsa, jama'a suka miƙe da ihu. Daɗi ya kama shi har hawaye suka zubo, bai kuma damu ya share ba.

Wani mutum da ke gefensa ya sunkuyo yana ɗaga murya: "Baba, 'yarka ce?"

"'Yata ce," in ji shi, yana nuni da yatsa mai tabo. "Wancan da take takawa kuma, ni da uwarta ne."