Kifin da Baba Bai Ci Ba

Tun da Baba ya sauka a gidanmu na garin Sterling a Amurka, ko sau ɗaya bai kai loma baki a gaban maigidana ba. Shi ma maigidan nawa haka. Kunyar surukai ce irin ta mutanen da, kuma su biyun da gaske suka riƙe ta. Gidan ɗan ƙarami ne, teburin cin abinci guda, don haka kullum sai in jera wa Baba nasa a tire in kai masa ɗaki, maigidana kuma ya ci nasa a tsaitsaye a kicin kafin ya fita aikin tuƙi. Na sha ce masa, "Malam, nan fa Amurka ce." Sai ya ce a waje ne take Amurka, ban da cikin gidan nan.

Baba yana da ciwon suga, kuma ya kai matsayin da sai da allura. Irin allurar nan ce da ake yi dab da cin abinci. In ya yi ta, dole abinci ya biyo baya nan da nan, in ba haka ba sugan jikinsa ya faɗi, gumi ya keto masa, hannu ya kama rawa. Na taɓa ganin hakan sau ɗaya a gida Kano, ban kuma so in sake gani ba.

A hunturun nan dusar ƙanƙara ta ƙi sauka a wajenmu. Sanyi dai kamar ya tsaga ƙashi, amma ƙasa a bushe. Baba ya faɗa wa jikarsa, 'yata mai shekara shida, cikin wasa cewa amaryarsa ta yaudare shi, ta kira shi ƙasar ƙanƙara ga shi zai koma bai taɓa ta da hannunsa ba. Maigidana yana daga kicin ya ji. Ranar Asabar sai ya ajiye aiki, ya wanke mota, ya ce in gaya wa Baba za mu je kan dutse, wurin da Turawa ke wasan zamiya, inda ko sama ba ta zubo ba injuna ke fesa ƙanƙarar. Na san abin da ranar Asabar take nufi ga mai tuƙin haya, ranar samu ce. Girmama surukinsa yake son yi, ba shi kuma da wata hanyar da zai faɗa.

Tafiyar ta yi nisa fiye da yadda muka zata. A hanya yarinyar ta dame mu da kukan yunwa, Baba ya zaro dabinon da yake ajiyewa a aljihu saboda lalurarsa ya juye mata a hannu. Da muka isa ya sunkuya da kyar cikin rigar sanyin maigidana da ta yi masa yawa, ya dumbuzi ƙanƙarar, ya murza, ya ce ashe gari ne kawai mai sanyi. Ya yi dariya. Wannan ne kaɗai abin daɗin da zan iya tunawa a ranar.

Gidan abincin guda ɗaya ne a wurin, yana saman bene, kuma wallahi daga ƙofa na san ba alheri. Ƙasa jagab da ruwan da ke narkewa daga takalman mutane, warin tsohon mai ya cika ko'ina, hayaniya kamar tasha. Muka daɗe a tsaye kafin a ba mu wani tebur a lungu, kusa da ƙofar da iska ke kaɗowa. Ba a ma goge shi ba, da hannuna na share ɓurɓushin waɗanda suka tashi. Baba ya zauna a wannan ƙarshen, maigidana a wancan, ya karkata kujerarsa yana kallon taga. Karon farko ke nan da na gan su a tebur ɗaya.

Matar da ke kula da teburinmu ta wuce mu ya fi a ƙirga. In na ɗaga hannu sai ta ɗaga mini yatsa ɗaya, wai tana zuwa. Da ta ga dama ta zo, na yi mata bayani dalla-dalla: ba ma cin naman alade, a kawo mana miyar dankali da soyayyen kifi, kuma dattijon nan yana da suga, don Allah a hanzarta. Ta ce babu damuwa, idonta yana kan wani teburin.

Shayi ne ya fara zuwa, ruwan ɗumi-ɗumi da ko ganyen bai jiƙa ba. Sai miyar, an barbaɗe samanta da soyayyen naman alade. Na ce ta mayar. Ta ɗauka tana tura baki, ba a jima ba ta dawo da kwanukan nan dai, an tsince naman da cokali, ga maiƙonsa nan yana yawo a sama. Raina ya ɓaci. Na ce mata mu ba yara ba ne. Maigidana ya ce, "Ki bari, ki bari," a hankali, don ba ya son a yi hayaniya a gaban Baba. Burodin da ta dire mana kuwa ya bushe ƙamas, Baba da haƙoran roba ko gwadawa bai yi ba.

Na tambaye ta kifin fa. Ta ce ga shi nan fitowa, yanzun nan. Na sake tambaya, ta tabbata? Ta ce an riga an zuba a faranti. A kan wannan maganar tata Baba ya tashi ya shiga banɗaki ya yi allurarsa, don ba zai ɗaga riga a gaban surukinsa ba.

Kifi bai fito ba. Waɗanda suka zo bayanmu aka kawo musu nasu, suka ci, suka tashi. Ina kallon goshin Baba. Na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce, "Lafiya lau." Ko da wuta ce ke cinsa ba zai ce yana jin yunwa a gaban mijin 'yarsa ba, na sani. Na tashi na je har bakin kicin ɗinsu, wani mai farar riga ya ce ba a shiga nan, in koma in zauna. Na nemi ko lemo ne a ba ni, aka ce sai dai ta hannun mai teburinmu. Mai teburinmu kuwa ta ɓace.

Can sai ga ta da faranti uku. Kifin ya yi baƙi a gefe, dankalin da aka haɗo da shi ya yi laushi ya huce, da gani ya daɗe a ajiye yana jiran wanda zai ɗauko shi. Ban damu ba. Ko dutse ne, in dai zai shiga cikin Baba. Na tura masa nasa gabansa, na ce, "Baba, bismilla." Daidai lokacin yarinyar ta kama rigata tana matse ƙafa, ta ce mini da Turanci fitsari ya matse ta, ba za ta iya riƙewa ba. Na dubi farantin, na dubi Baba, na ga abinci ya riga ya iso, sai na ja ta muka tafi. Layin banɗakin mata har waje, ga kayan sanyi hawa-hawa da sai an tuɓe mata.

Abin da ya faru a bayana daga baya na haɗa shi, rabi daga bakin maigidana, rabi daga bakin Baba. Ina tashi, maigidana ya ga daga shi sai surukinsa da abinci a tsakani. Ya san Baba ba zai ci ba muddin yana zaune. Sai ya miƙe ya ce zai duba mota, ya fita baranda cikin sanyin nan, ya juya wa taga baya don ma kada Baba ya ɗaga kai ya ga idonsa. Baba kuma, da bai taɓa cin abinci bai wanke hannu ba, ga shi ɗazu ya dafa ƙarfen matattakala, ya tashi ya nufi famfo. Tebur ya zama babu kowa, rigunanmu duk suna jikinmu saboda iskar ƙofar.

Matar nan da ta shafe rabin yini tana jan ƙafa, a wannan karon ba ta yi nawa ba. Ta kwashe faranti ukun da ko cokali ba a sa musu ba, ta juye a shara, ta goge teburin da ba ta goge mana ba, ta zaunar da wasu.

Baba ya dawo ya tarar da baƙin fuska a kujerunmu suna cire safar hannu. Yana jin Turanci sarai, tsohon malamin makaranta ne. Amma dattijo kamarsa ba zai tsaya yana jayayya da baƙi a kan abinci ba. Ya koma gefe, ya jingina da bango a bakin matattakala yana jiran ɗayanmu.

Da na fito na ga wasu a teburinmu, sai na shiga neman Baba. Na waiga na hango shi. Hularsa ta karkace, gumi ya jiƙe masa fuska, leɓensa yana motsi ba magana. Na saki hannun yarinyar na kutsa cikin mutane ina kiran Baba, Baba. Ya juyo wajen muryata, ya ɗaga ƙafa, takalminsa ya sauka a kan jiƙaƙƙen matakin farko. Ina gani ya zame, ya gangara har ƙasan benen.

Masu jajayen riguna da ke kwaso waɗanda suka karye a kan dutse su ne suka zo, kuma ba laifi, sun zo da sauri. Suka matsa masa wani abu mai zaƙi a baki, hankalinsa ya dawo. Ƙugunsa ne bai dawo ba, ya karye. Maigidana ya shigo da gudu, kunnuwansa sun yi jawur don sanyi, yana tambayata me ya faru, ai ya bar shi yana cin abinci. Shugaban wurin ya zo yana ba da haƙuri, wai ranar cunkoso ce, wai in muka sake zuwa abincinmu kyauta ne. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi a nan ba. Har yau ina tuna fuskar matar nan, tana tsaye riƙe da tsumma tana cewa ai ta ɗauka mun gama. Ban yafe mata ba, ban kuma yi ƙoƙarin yafewa ba.

An yi wa Baba aiki, an sa masa ƙarfe. Ya ƙara wata biyu a wajenmu, a gadon da muka sauko masa da shi falo. Maigidana ne ke ɗaga shi, shi ke kai shi banɗaki, shi ke zuba masa ruwan alwala. A duk wannan, kunya ta ƙyale su. Amma da zarar na shigo da tire, sai ya ɗauki makullin mota ya fita, ko da kuwa ba shi da wurin zuwa.

Da ƙafarsa Baba ya sauka a filin jirgin Dulles, a keken guragu muka mayar da shi. Maigidana ne ya tura shi har inda ake tsayar da masu rakiya, sannan ya durƙusa ya yi masa sallama, ya ja baya ya ba mu wuri. Tun ranar dutsen nan maganarsa ta ragu, na kuma san abin da ke cinsa, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Baba ma ya sani. Ya riƙo hannuna, ya ɗaga murya kaɗan yadda na bayana zai ji.

"Ki gaya wa maigidan naki Allah ya yi albarka. Ya kai ni na ga ƙanƙara, ya saya mini kifi. Na ci, na ƙoshi."

Na juya. Maigidana ya ba mu baya, yana kallon allon tashin jirage, kafaɗunsa suna rawa. Baba bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba, kuma damina biyu kawai ya ƙara a duniya.